Karatu mai zurfi kan laifi, shari'a da doka: hanyarsa da amfaninsa ga mutumin karkara

Idan manomin Gesheme ya je kotu a Dogon Dutsi ko a Doso, zai tarar da alƙali zaune da manyan littattafai a gabansa. Ba gadon wannan kujera ya yi ba, kamar yadda ake gadon sarauta. Karatu ne ya kai shi, karatun da ke cin kusan shekara 20. Ya kamata uwaye su san wannan hanya, domin wata rana ɗansu ko ƴarsu za ta iya cewa tana son ci gaba da karatu bayan digiri na farko, alhali gida na jiran ta fara kawo albashi.

Tsawon hanyar

Yaro yana yin shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, sannan ya ci jarrabawar bak. A jami'a, shekara 3 na farko suna ba da digirin da ake kira lisans. Abin da ya biyo baya shi ne karatu mai zurfi: shekara 2 na mastar, sannan ga mai so, shekara 3 ko fiye na digirin dakta. A lisans ɗalibi yana koyon abin da doka ta ce. A mastar kuwa sai ya zaɓi fanni guda, ya yi bincike da kansa, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamai.

Ana koyar da ilimin doka a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda aka kafa a 1971, da kuma Jami'ar Tawa. Jami'ar Musulunci ta Say tana koyar da shari'ar Musulunci. Amma takardar jami'a kaɗai ba ta mai da mutum alƙali. Sai ya ci gasar da gwamnati ke shiryawa, sannan ya shiga makarantar horon ma'aikatan shari'a a Yamai, inda zai koyi aikin a aikace: tambayar wanda ake tuhuma, auna shaida, rubuta hukunci.

Ga wani abin lura ga mutanen Arewa, da yake iyakar Nijeriya tana kusa. Jami'o'in Sakkwato, Zariya da Kano suna koyar da doka, amma tsarin shari'ar Nijeriya ya samo asali ne daga Ingila, na Nijar kuma daga Faransa. Wanda ke son aiki a kotun Nijar ya fara bincika ko za a karɓi takardarsa, tun kafin a sayar da sa ko gona don biyan kuɗin makaranta.

Ilimin sanin laifi

Dokar hukunta laifuka tana cewa: wanda ya yi kaza, hukuncinsa kaza ne. Ilimin sanin laifi kuwa wasu tambayoyi yake yi. Me ya sa aka aikata laifin? Me ya sa ya fi yawa a wani wuri ko a wani lokaci na shekara? Shin gidan kaso yana gyara mutum, ko ƙara ɓata shi yake yi?

Tambayoyin sun daɗe. A 1764 wani mutumin Italiya, Cesare Beccaria, ya rubuta littafi yana sukar azabtarwa da hukuncin kisa. A ganinsa, abin da ke hana laifi shi ne mai laifi ya tabbata za a kama shi kuma a hukunta shi ba da jinkiri ba, ko da hukuncin bai yi tsanani ba. A 1876 wani likitan ƙasar, Cesare Lombroso, ya ce ana iya gane mai laifi daga siffar kansa da fuskarsa. Binciken da aka yi daga baya ya rushe wannan magana. Yana da kyau a tuna da haka duk lokacin da aka ji wani na cewa mutanen wata ƙabila ɓarayi ne tun daga haihuwa.

A Dallol Mauri misalin a fili yake. Rikicin manoma da makiyaya ba ya tashi a kowane wata. Ya fi tashi da kaka, lokacin da dabbobi ke gangarowa daga arewa alhali ba a gama kwashe amfanin gona ba, kuma ya fi muni inda aka nome burtali ko aka toshe hanyar mashaya. Nijar ta ga ƙarshen irin wannan a Toda, cikin jihar Maraɗi, a 1991, inda aka kashe mutum fiye da 100. Jandarma suna zuwa ne bayan ɓarna ta auku. Mai bincike shi ne ke nuna cewa shata burtali da sanar da ranar sakin gonaki suna hana zub da jini tun kafin a kai ga kotu.

Tsara doka

Wannan shi ne fanni na biyu: yadda ake rubuta ƙa'ida da yadda ake sa ido a kan bin ta. A ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, wadda ta amince da mallakar gona ta hanyar al'ada, ta kuma kawo hukumomin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da Kofo. A yau ana samun su a matakin gunduma, ƙaramar hukuma da ƙauye. A 2010 aka ƙara doka ta musamman kan kiwo. Takardar shaidar saye, aro, jingina ko gadon gona da manomi ke karɓa daga Kofo, daga wannan aiki ta fito.

Inda littafi bai isa ba

Babban abin da ya sa aikin alƙali a Nijar ke da wuya shi ne doka iri biyu ce a hannunsa. Akwai rubutacciyar doka, kamar kundin hukunta laifuka. Akwai kuma al'ada. Dokar tsara kotuna ta 2004, da wadda ta maye gurbinta a 2018, sun yarda a yi amfani da al'adar masu shari'a a kan aure, saki, gado da rikicin gona, muddin ba ta saɓa wa dokar ƙasa ba. Shi ya sa ake zaunar da masana al'ada kusa da alƙali, suna ba shi shawara.

Ƙasar Arewa ta san shari'a tun kafin zuwan Turawa. A Lugu, garin Sarauniya, an daɗe ana kai ƙara gaban dutsen Tunguma. Malamai suna raba gado bisa fiƙihun Malikiyya. Mai gari da sarki suna sasanta mutane, doka kuma ta ba su wannan iko a kan al'amuran al'ada da na gona. Sai dai sasantawa ce kawai: kisa, fyaɗe ko fashi ba a kashe su a fada, na kotu ne. Matashin alƙalin da ya yi dukan karatunsa da Faransanci, aka turo shi inda bai san yadda ake aron gona ba, zai sha wuya, masu shari'a kuma su fi shi sha. A nan ne ɗan ƙauyen da ya yi karatu mai zurfi ya fi wani, domin yana jin maganar tsoho ba tare da tafinta ba.

Al'ada kuma tana da iyaka. A 2003 Nijar ta sanya bautar da mutum cikin manyan laifuka. Duk da haka, sai da Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana yarinya, ta kai ƙara kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. A watan Oktoba 2008 kotun ta ce hukumomin Nijar sun kasa kare ta, ta kuma umarci a biya ta sefa miliyan 10. Lauyoyi masu zurfin karatu ne suka san akwai wannan ƙofa a lokacin.

Masu bincike suna duba kotun ita kanta. A 2001 Mahaman Tijani Alu, malamin jami'a a Yamai, ya buga nazari kan yadda kuɗi da sanayya ke shiga harkar shari'a a Nijar. Irin wannan rubutu ba ya yi wa kowa daɗi, amma sai an faɗi ciwo ake neman magani.

Aikin da ake samu

Ba kowa ke zama alƙali ba, domin gurabe kaɗan ne, masu nema kuma da yawa. Wasu suna zama lauyoyi, wasu akawun kotu, jami'an ƴan sanda, malaman jami'a, ko ma'aikatan ƙungiyoyin kare haƙƙin mata da yara. Kada uwaye su ɗauka aiki na jiran yaro a ranar da ya gama, wani yakan yi shekaru yana shiga gasa. Amma tun yana ɗalibi zai iya karanta wa dangi sammaci, ya bayyana musu bambancin shaida da wanda ake tuhuma, ya tuna musu cewa ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, idan ya wuce shi ke nan. Zai kuma iya nuna wa marar hali hanyar hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa domin ba talaka shawara kyauta, da samar masa mai kare shi a gaban kotu idan ya cika sharuɗɗa.