Rabon Jaka 10 da Lissafin Masana

A shekarar 1982 Werner Güth da abokan aikinsa biyu suka wallafa sakamakon wani wasa da suka shirya a Jami'ar Kolon ta Jamus. A ba mutum kuɗi, mu ce jaka 10 ta sefa, a ce ya raba da wani wanda bai sani ba. In na biyun ya karɓi abin da aka miƙa masa, kowa ya tafi da rabonsa. In ya ƙi, su duka su tashi a tutar babu.

Lissafin da masana ke riƙe da shi a lokacin ya faɗi sakamako tun kafin a fara: mai rabo zai miƙa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ɗayan kuma zai karɓa, tunda dala ɗaya ta fi babu. Abin da ke burge ni da wannan lissafi shi ne ya ba da ƙofar a kama shi da ƙarya. Aka kuwa kama shi. Da aka yi ta maimaita wasan da ɗaliban Turai da Amurka, yawancinsu sun miƙa kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, kuma sau da yawa ana watsi da tayin da bai kai kashi 20 ba.

Sai aka shiga gyara. A 1999 Ernst Fehr da Klaus Schmidt suka ƙara wa lissafin ma'auni biyu: zafin da mutum ke ji in an fi shi samu, da nauyin da yake ji in shi ya fi. Ya dace da sakamakon ƙwarai. Amma mai karatu ya lura, in za a jira a ga abin da mutane suka yi sannan a daidaita ma'aunan, ai tela ne ya auna mutum kafin ya yanka yadi, ba abin mamaki ba ne riga ta zauna. A 2000 Seth Roberts da Harold Pashler sun ja kunnen masana halayyar ɗan Adam kan irin wannan: kafin a yaba wa lissafi, a tambaya wane sakamako ne ya ce ba zai yiwu ba.

Tambaya ta biyu ita ce su wa aka gwada. Joseph Henrich ya kai wasan wurin Machigenga na ƙasar Peru, suka miƙa kashi 26 a matsakaici, kuma da wuya wani ya ƙi. A 2001 shi da abokansa suka fitar da sakamakon al'ummomi 15. Masu farautar kifin wale na Lamalera a Indunisiya sun miƙa wajen kashi 58. A Papuwa Niyu Gini har tayin da ya wuce rabi ana ƙi, domin kyauta a wurinsu bashi ce. Abin da suka gano shi ne, al'ummar da ta fi sabawa da kasuwa ta fi yin rabon adalci da baƙo.

Wannan magana ta shafe mu. A ƙarni na 19 fataken Kano na bi ta Nikki da Parakou da Djougou zuwa Salaga neman goro, suna ciniki da mutanen da ba su haɗa harshe ba, amana da maigida ne ke tsare dukiyarsu. In hasashen Henrich gaskiya ne, 'yan kasuwar Arzeke ta Parakou za su miƙa fiye da manoman doya na ƙauyukan da ke bayan Tourou. A rubuta adadin da ake tsammani a ajiye, sannan a fito da jaka 10.