Daga Aci-bal-bal Zuwa Sola: Tarihin Haske da Na'ura a Gidajen Dundaye

Wanda ya bar birnin Sakkwato ya nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai ya ratsa fadamar Gulbin Rima ta Kwalkwalawa kafin ya shiga ƙasar Dundaye, a ƙaramar hukumar Wamakko. A wannan yanki ne cibiyar binciken makamashin rana take, ɗaya daga cikin biyu na farko da Nijeriya ta kafa, yau fiye da shekara 40 ke nan. Duk da haka, sai a 'yan shekarun nan ne faifan sola ya zama abin da ido ya saba gani a kan rufin gidaje da shaguna da masallatai. Me ya sa ilimin ya daɗe a ƙofar gida bai shigo ba? Kuma me ya buɗe masa ƙofar daga baya? Amsar tana cikin tarihin yadda talakan wannan yanki yake auna kowane sabon abu kafin ya saka kuɗinsa.

Zamanin mai da kara

Kafin zuwan kananzir, hasken dare a ƙauyukan Rima daga gona yake fitowa. Ana zuba man gyaɗa ko man kaɗanya a 'yar kasko, a murza lagwani na auduga, a kunna. Almajirai kuma su tara karan dawa da na gero da rana, da dare a hura wuta a kewaye ta da alluna. Girki na itace ne da kara da busasshen kashin shanu, a kan murhu mai duwatsu uku. Ruwan sanyi kuwa aikin randa ne, wadda ke tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Duk waɗannan abubuwa maƙerin gari da maginiyar tukwane da manomi ne suke samar da su. Idan abu ya lalace, mai gyaransa maƙwabci ne.

Kananzir ne ya fara sauya wannan tsari a zamanin Turawa. Ya zo da aci-bal-bal ta gwangwani, da fitilar ƙwai, daga baya kuma risho. Tun daga nan haske ya zama abin saye da kwalba. Sai rediyo mai batir ya biyo baya. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, kuma cikin ƙanƙanin lokaci akwatin rediyo ya zama abokin manomi a fadama da makiyayi a daji. Rediyo ya karɓu saboda bai nemi waya ko turke ba. Batir biyu ko huɗu sun ishe shi, kuma ko mai ƙaramin ƙarfi zai iya sayensu a kasuwar ƙauye.

Jami'a ta zo, wuta ta biyo

A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Sakkwato, aka fara karatu a 1977 ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, sannan a 1988 aka sauya mata suna zuwa na Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Filin da aka ba ta a Dundaye babba ne, kuma akwai ƙauyuka a cikinsa da kewayensa waɗanda suka riga ta zama a wurin. Da gine-gine suka tashi, turakun lantarki suka tsallako fadama, sai ga duniya biyu a wuri ɗaya: ɗakunan gwaje-gwaje da fanka da firji a gefe guda, fitilar ƙwai da murhu a ɗaya gefen.

Wutar da ta zo ɗin ma daga nesa take. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ita ce tushe, babban layi ya ɗauko ta zuwa Birnin Kebbi, daga can wani ya kawo ta Sakkwato. Hukumar da ke kula da ita ta sha sauya riga: NEPA daga 1972, PHCN daga 2005, sannan daga Nuwamban 2013 aka fara sayar da harkar rarrabawa, jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna suka faɗa hannun kamfanin rarraba wuta na Kaduna. Abin da bai sauya ba shi ne zama a ƙarshen dogon layi. Matsala a ko'ina a kan hanya, duhunta a nan yake sauka, kamar yadda aka gani a Satumban 2023 lokacin da gobara ta tashi a tashar Birnin Kebbi, wuta ta ɗauke a sassan jihohin yankin. Ga shi kuma daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura maki 40, lokacin da aka fi bukatar fanka da ƙanƙara. Shi ya sa mai hali ya sayi janareta, marar hali ya fito da tabarma tsakar gida.

Cibiyar da ta riga zamaninta

A 1982 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyoyi biyu na binciken makamashin rana, ɗaya a Nsukka, ɗaya a Sakkwato. Lokacin duniya ba ta gama farfaɗowa daga tashin farashin mai na 1973 da 1979 ba, arewa kuma tana tuna farin farkon shekarun 1970 da yadda hamada ke matsowa. Babu wurin da ya fi Sakkwato dacewa, domin tana cikin yankunan da suka fi ko'ina samun hasken rana a ƙasar nan.

Cibiyar ta yi aiki. Masananta, ciki har da Farfesa Abubakar Sani Sambo wanda ya shugabance ta kafin daga baya ya zama shugaban Hukumar Makamashi ta Ƙasa a 2005, sun ƙera tukunyar girki mai aiki da rana, da na'urar ɗumama ruwa, da ta busar da amfanin gona, da ingantaccen murhu mai rage cin itace, da ramin da ke fitar da iskar girki daga kashin dabbobi. Ba su tsaya a ɗakin gwaji ba. An kafa wa ƙauyen Kwalkwalawa tashar sola mai ƙarfin kilowat 7.2, wadda har yau ake ambata a rubuce-rubucen tarihin makamashi a Nijeriya. An kafa injin iska mai kilowat 5 a Sayya Gidan Gada. An kuma mai da Danjawa, nan kusa da jami'a, ƙauyen gwaji na makamashi mai sabuntuwa.

To me ya hana waɗannan abubuwa bazuwa gida-gida? Na farko tsada. Kilowat 7.2 ɗin da a wancan zamani sai gwamnati ce za ta iya kafawa, yau faifai 15 masu wat 500 sun ba da shi, kuma ɗan kasuwa ɗaya zai iya saye. Na biyu, a lokacin fetur da kananzir suna da tallafi, saboda haka babu abin da ke tura mutum neman madadi. Na uku, babu masana'antar da ta karɓi samfurin daga hannun masani ta buga shi dubu-dubu, babu kuma mai gyara a bakin kasuwa. Na huɗu, wasu na'urorin ba su dace da tsarin gida ba. Tukunyar rana tana son tsakar rana da haƙuri, alhali tuwon dare bayan la'asar ake ɗora shi, kuma tuƙa shi na son wuta mai ƙarfi. Matar da ta koma ga murhunta ta yi lissafi ne, kuma lissafinta daidai yake.

Waya ta sauya lissafi

Abin da ya sa kowane gida ya fara jin cewa rashin wuta asara ce ta yau da kullum shi ne wayar hannu. A Agustan 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki, layi ɗaya yana kaiwa dubban nairori masu yawa. Da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, farashi ya karye, waya ta sauko hannun ɗan acaɓa da mai sayar da albasa. Manomin fadama ya samu damar jin farashin buhu a kasuwa kafin ya yi lodi. Amma waya ba ta ɗaukar batirin tocila. Daga nan sana'ar caji ta samu: rumfa, ƙaramin janareta, allon katako cike da soket, da lamba a manne a bayan kowace waya.

Ɗalibai sun ƙara wa abin ƙarfi. Rajista ta koma ta intanet, aikin kammala digiri sai an buga shi da kwamfuta, kuma daga 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Yaron ƙauye da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya zama dole ya koya kafin ya shiga jami'ar da ke bayan gidansu. Shagunan buga takardu da na hoto da na gyaran waya suka yawaita a kewayen makaranta, kowanne da injinsa yana ruri.

Ambaliyar Satumban 2010 ta nuna raunin wannan dogaro. Ruwan Rima ya cinye hanya da gadar da ta haɗa jami'a da birni, karatu ya tsaya, duk abin da ake ɗaukowa daga gari sai ta kwale-kwale ko doguwar zagaye. Makamashin da ake kawowa a jarka, hanya na yankewa shi ma ya yanke.

Shekarar da fetur ya gagara

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka kawo sauyin da ake gani yanzu. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a duniya, saboda yawan abin da masana'antun Chaina ke fitarwa, ga kuma ƙwan fitila na zamani da ba ya cin wuta. Sannan a ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin farko, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane ma'auni.

Nan take mai caji da mai POS da mai shagon buga takardu suka sake lissafi. Manoman rani da ke ban-ruwa da injin fetur suka fara neman famfon sola. A gidaje, ƙaramin faifai da batir ɗaya sun isa ƙwai biyu da fanka da cajin waya. Tambayoyin da mai saye ke yi ba su wuce uku ba: nawa ne, zai yi ƙarko, wa zai gyara idan ya lalace? Su ne tambayoyin da kakansa ya yi wa fitilar ƙwai da rediyo.

Sai dai sauyin bai kai madafa ba. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016 risho ya fara ɓacewa, iskar gas kuma ta yi wa da yawa tsada, sai aka koma ga itace da gawayi. Mata da ƙananan yara ne ke shaƙar hayaƙin, dazuzzukan da suka rage su ne ke biyan kuɗin. A kasuwar sola ma akwai kuka: faifan da ƙarfin da aka rubuta a jikinsa ya fi na gaskiya, batirin da zafin Sakkwato ke kashewa da wuri, da haɗin wayoyi na ganganci da ke iya jawo gobara.

A nan ne tsohuwar cibiyar take da aikin da ya fi na jiya girma. Kasuwa ta kawo kayan, amma ba ta kawo sani ba. Wurin da ya shafe shekaru yana auna hasken rana da ƙura da zafin wannan ƙasa shi ya fi cancanta ya gwada faifai da batiran da ake sayarwa, ya faɗa wa jama'a na ƙwarai ta rediyo da harshen da suke ji. Shi ya kamata ya horar da matasan Dundaye da Kwalkwalawa da Danjawa haɗa sola da gyaranta, ya ba su shaidar da mai gida zai amince da ita. Ingantaccen murhun nan kuma a miƙa shi ga maƙera da magina tukwane, a zauna da matan da za su yi girki a kansa kafin a yanke siffarsa. Gwamnatin jiha da Hukumar Makamashi ta Ƙasa su sa kuɗi a wannan, domin shi ne zai sa kuɗin da magidanci ya tara da gumi ya saya masa haske mai ɗorewa, ya kuma bar sana'ar a hannun 'ya'yan yankin.