Dala, tamma da jikka: ƙimar tsofaffin kuɗi a bakin mutanen Madarunfa

A kasuwar Madarunfa, kudu da Maraɗi, in mai kaya ya ce «ɗari», tamma 500 yake nufi, domin da dala ake lissafi, dala guda kuwa tamma 5 ce ta kuɗin sefa. Wannan kalma ta girmi sefa ƙwarai, kuma ta ɗauki ƙima daban-daban a bakin mutane ɗaya.

Kafin zuwan Turawa, wuri ne kuɗin ƙasar Katsina, ta kudu da ta Maraɗi. Amma fatake suna riƙe da babbar azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda ke shigowa ta hamada. Nauyinta giram 28 ne, azurfar da ke ciki ta ɗan haura giram 23. A shekara ta 1851, da Heinrich Barth ya ratsa Tasawa da Gazawa da Katsina ya sauka Kano, ya tarar ana canjin guda a kan wuri 2.500. Kafin ƙarshen ƙarnin, wuri ya yi yawa, farashin ya kusan ninkawa. Saboda haka, in wani dattijo ya ce an fanshi kakansa da wuri kaza, adadin ba shi da ma'ana sai an san zamanin. Shekarar da ke jikin azurfar ma ba ta taimako: 1780 ce a kan kusan kowace, domin da wannan shekara aka yi ta sake buga ta har cikin ƙarni na 20. Nauyi kaɗai ke faɗin darajarta.

Bayan yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila, iyaka ta ratsa ƙasar Katsina, Madarunfa ta faɗa ɓangaren Faransa, Jibiya ta faɗa na Ingila. Faransawa suka zo da azurfarsu ta tamma 5, mai giram 25. Da yake ta yi kama da ta fatake a girma da nauyi, sai ta gaji sunan. A ƙetaren iyaka kuwa, sule biyu na Ingilishi aka kira dala. Kalma ɗaya ke nan, kuɗi iri biyu, a kasuwannin da jaki ke haɗawa cikin wuni guda.

Haka jikka take. A nan tamma 1.000 ce, wato dala 200. A Najeriya jaka fam 100 ce, wadda ta koma naira 200 da aka sauya kuɗi a Janairun 1973. Sauran sunayen can, wato anini mai huda a tsakiya, kwabo, taro da sisi, duk suna yawo cikin tatsuniyoyi da karin maganar wannan yanki.

Ita kanta dalar sefa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. An ƙirƙiro sefa a Disamban 1945. Daga 1960, tamma 50 ke daidai da faran ɗaya na Faransa. A Janairun 1994 aka karya ta, ta koma 100. Daga 1999 aka ɗaure ta da yuro, a kan tamma 656 ba kaɗan. Dalar da a da ake auna azurfarta, ta zama ɗan ƙarfe ja mai giram 3.

Inda abin ya fi shafar masu tsara yaƙi da jahilci shi ne littafin lissafi. Manomin da ya iya haɗa dala 37 da dala 85 da ka, sai ya ga an rubuta 185 da 425 a takarda, ya zaci bai iya komai ba, alhali malamin ne bai gaya masa cewa alƙalami da tamma yake ƙirga, baki da dala ba. Darasin ninkawa da rabawa da 5 ya kamata ya zo tun farkon littafi, kafin a kai ga takardar awon gujiya ko ta bashin taki, inda kuskuren karatu ke nufin asarar kashi huɗu cikin biyar.