Kujera Ba Murya Ba Ce: Wakilcin 'Yan Haya a Gudanar da Benen Grenfell

Gabatarwa

Tun shekarar 1969 da Sherry Arnstein ta fito da tsaninta mai matakala 8 na auna shigar talakawa cikin mulki, masu nazarin gidajen gwamnati suka riƙe shi tamkar mudu. A ganinsu, da zarar 'yan haya sun sami rinjayen kujeru a hukumar da ke kula da gidajensu, to an kai ƙololuwa, iko ya koma hannunsu. Wannan maƙala ba ta yarda da haka ba. Hujjarta ita ce benen Grenfell mai hawa 24 da ke yammacin Landan, inda gobara ta kashe mutum 72 bayan ta tashi ranar 14 ga Yuni, 2017.

Hanyar Bincike

An dogara da takardu: rahoton ƙarshe na kwamitin binciken gobarar ƙarƙashin Sir Martin Moore-Bick da ya fito a Satumba 2024, da tsarin kafa KCTMO, ƙungiyar gudanarwa ta 'yan haya da ke kula da benen a lokacin, da koke-koken da mazauna suka rubuta kafin gobarar.

Abin da Aka Gano

An kafa KCTMO a 1996, ƙarƙashin haƙƙin da dokar Ingila ta bai wa 'yan haya a 1994 na karɓar gudanar da gidajensu. A hukumarta mai mutum 15, kujeru 8 na mazauna ne a lokacin. A takarda ke nan babu abin kushewa. Sai dai galibin irin waɗannan ƙungiyoyi unguwa ɗaya suke riƙe da ita, inda wakili da mai koke ke haɗuwa a bakin ƙofa kullum. Ita kuwa KCTMO gidaje kusan 10,000 ta ɗauka, a faɗin ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea. Wanda aka zaɓa ya zama daraktan kamfani, kuma doka ta ɗora masa kare muradin kamfanin, ba na maƙwabcin da ya kaɗa masa ƙuri'a ba. Ragamar yau da kullum kuwa ta kasance a hannun ma'aikata masu albashi.

An ga illar haka lokacin gyaran benen a 2015 zuwa 2016. Mazauna sun yi ta jayayya a kan sa musu na'urar ɗumama ruwa a ɗan zauren shiga ɗaki, wurin da ya riga ya yi ƙunci. Da suka haɗa kai don yin magana da baki ɗaya, da farko aka ƙi amincewa da su a ƙungiyance, aka fi son kowa ya kawo kukansa shi kaɗai. Shawarar da ta fi kowace nauyi, wato sauya fallayen rufe bango na tutiya da na alminiyom mai roba a ciki don rage kusan fam 300,000, ba a gabansu aka yanke ta ba. Fallayen alminiyom ɗin ne suka kai wutar saman benen. A Nuwamba 2016 ƙungiyar mazauna ta Grenfell Action Group ta yi gargaɗin cewa sai wani bala'i ya auku kafin a saurare su. Ko kusa ba a ɗauke su a matsayin wakilai ba, masu neman fitina aka ɗauke su. Abin takaici, sunan 'yan haya da ke jikin KCTMO ya zama garkuwa: wa zai ce ba a ji muryarsu ba alhali su ne masu rinjaye?

Iyakar Binciken

Gaskiya ne misali ɗaya aka duba, kuma girman KCTMO ya sa ta fita daban. Ƙananan ƙungiyoyin unguwa da yawa suna aiki yadda ya kamata. Wannan bai rushe hujjar ba. Majalisar Birtaniya ma da ta tashi gyara a dokar gidajen gwamnati ta 2023, ƙarfin hukumar sa ido da ke wajen ƙungiyoyin ta ƙara, ba yawan kujeru ba. Ma'aunin da ya dace shi ne wace shawara mazauna ke da ikon hanawa, kuma a Grenfell ba su da ikon hana ko ɗaya.