Ayar da ba kai ka zaɓa ba

A shekarar 1722 wasu Kiristoci 'yan gudun hijira daga ƙasar Morabiya suka sauka a gandun wani basarake mai suna Zinzendorf, a yankin Sakson na ƙasar Jamus, suka kafa ƙauyen Herrnhut. Tsanantawar addini ce ta koro su, amma ba a jima ba suka shiga zargin juna da ɓata, kowane ɓangare da nasa fahimtar Littafi Mai Tsarki. Sai ranar 13 ga Agusta 1727, a wurin Jibin Ubangiji a majami'ar Berthelsdorf, suka nemi gafarar juna.

Sulhu irin wannan yana bukatar abin da zai riƙe shi kullum. Ranar 3 ga Mayu 1728, a taron waƙoƙin yamma, Zinzendorf ya ba jama'a gajeriyar kalma ta gobe. Suka kira ta Losung, wato kalmar da sojoji ke furtawa don su gane nasu. Daga nan aka riƙa kai kalmar yini gida-gida, har a 1731 aka buga ta shekara guda a littafi. Ana buga shi kowace shekara har yau, cikin harsuna sama da 50.

Tsarinsa na yanzu shi ne abin lura. Ayar Tsohon Alkawari da ƙuri'a ake fitar da ita a Herrnhut, sannan a zaɓo ta Sabon Alkawari da za ta amsa mata. Wanda aka bar wa zaɓi yakan nufi ayoyin da ke kwantar masa da hankali, ya kauce wa waɗanda ke tona laifinsa. Ƙuri'a ta ɗauke masa wannan dama. Mai gidan da ya yi cuta da wanda aka cuta suna tashi da aya guda, wata rana ta tsawatarwa, wata rana ta gafara.

Fasto Dietrich Bonhoeffer, wanda gwamnatin Hitler ta tsare tun 1943, yana cikin masu karanta littafin kullum. Ranar Lahadi 8 ga Afrilu 1945, a wata makaranta a Schönberg, 'yan'uwansa fursunoni suka roƙe shi ya yi masu sujada. Ya ɗauki ayoyin ranar: Ishaya 53:5, wadda Kiristoci ke fahimta a matsayin bayanin wahalar Almasihu saboda zunuban mutane, da 1 Bitrus 1:3, mai magana kan sabuwar haihuwa da bege ta tashinsa daga matattu. Yana gamawa aka zo aka tafi da shi. Washegari da asuba aka rataye shi a sansanin Flossenbürg.

An tsara ayoyin nan tun kafin kowa ya san inda zai kwana ran nan, shi kuwa ya karɓe su yadda mutanen Herrnhut suka saba karɓar tasu a bakin ƙofa.