Hanyoyin Kai Intanet Mai Sauri ta Iska: Daga Birnin Kano Zuwa Zakirai

Shirin ƙasa na faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025 ya sa burin samar da gudun megabit 25 a daƙiƙa a birane, da megabit 10 a karkara. Haƙa ramin wayar faiba zuwa kowane gida yana da tsada, don haka ake dogaro da hanyoyi uku na aika saƙo ta iska.

Ta farko ita ce turakun kamfanonin waya. Fasahar 4G da ke amfani da ƙananan zanguna, kamar 700 da 800 MHz, tana cin nisan kilomita da dama, tana kuma ratsa bango. Ita ta fi dacewa da gari irin Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, inda ƙauyuka ke kusa da juna a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ita kuwa 5G, wadda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisinta a Disamba 2021, MTN da Mafab suka saya a kan dala miliyan 273.6 kowanne, tana aiki a zangon 3.5 GHz. Ta fi sauri, amma zangonta gajere ne, sai an yawaita turaku. Kano na cikin birane bakwai da MTN ya fara da su a 2022.

Ta biyu ita ce Wi-Fi. Ba ya cin dogon zango, amma yana da araha, ya kuma dace da wuraren cunkoso kamar Kantin Kwari, makarantu da sakatariyoyi, muddin akwai babban layi da ke ciyar da shi.

Ta uku ita ce tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Taurarinsa na shawagi a tazarar kusan kilomita 550, don haka saƙo ba ya jinkiri kamar na taurarin da ke nisan kilomita 36,000. Matsalarsa kuɗin na'ura da na wata, kuma ruwan sama mai ƙarfi kan rage masa gudu.

Abin da ya haɗa su duka shi ne wutar lantarki. Turken da ke dogaro da man dizal yakan ƙara wa kamfani ɗawainiya, daga ƙarshe nauyin ya dawo kan mai sayen data. Saboda haka ɗan kasuwa ko ma'aikacin da zai zaɓa, ya fara duba ƙarfin sabis a unguwarsa da kuɗin wata kafin ya dubi sunan fasahar.