Takalmin Kurushof da Ƙudurin da Ya Rufe wa Fuska

Idan aka tambayi ɗalibi abin da ya sani game da babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 1960, da wuya amsarsa ta wuce batun takalmi. Zai ce wani shugaban Tarayyar Sobiyet ne ya fusata, ya tuɓe takalminsa, ya yi ta bugun tebur. Idan aka ƙara tambayarsa a kan me ake gardama a wannan rana, sai ya yi shiru. Wannan shiru shi ne dalilin wannan maƙala, domin gardamar ta shafe mu kai tsaye.

Taron ya buɗe ne a birnin Niyok ranar 20 ga Satumba, kuma a ranar aka karɓi sababbin ƙasashe 14, cikinsu har da Nijar da Chadi da Kamaru. Mali da Senegal suka biyo baya ranar 28 ga wata, Nijeriya kuma ta shiga ranar 7 ga Oktoba. Majalisar da ta fara shekara da kujeru 82 ta ƙare ta da 99, kuma 16 daga cikin sababbin 17 ƴan Afirka ne. Amare sun tare da yawa a lokaci guda, don haka manyan gida kowa ya ci ado ya fito a gan shi. Nikita Kurushof ya taso tun daga Tarayyar Sobiyet a jirgin ruwa mai suna Baltika. Nkrumah da Nasser da Nehru da Tito da Sukarno duk sun hallara.

Tun kafin a zauna aka fara wasan kwaikwayo. Fidel Kastro na Kyuba ya saɓa da masu otal ɗin da ya fara sauka a kan kuɗi, ya kwashe kayansa ya koma otal ɗin Theresa da ke Harlem, unguwar baƙaƙen fata. Kurushof ya bi shi har can, suka rungume juna a gaban masu ɗaukar hoto. Ranar 26 ga Satumba kuwa Kastro ya hau mumbari ya yi jawabin awa huɗu da minti 29, wanda har yau babu shugaban da ya zarce shi a wannan zaure. Bayan kwana uku, Firayim Ministan Birtaniya Harold Makmilan yana cikin jawabi sai Kurushof ya shiga dukan tebur da hannu yana ɗaga murya da Rashanci. Makmilan ya dakata, ya nemi a fassara masa abin da aka faɗa, zaure ya kwashe da dariya.

Sai ranar 12 ga Oktoba. Kurushof ya riga ya gabatar da shawarar a yi sanarwar kawo ƙarshen mulkin mallaka baki ɗaya, kuma a kanta ake magana. Wakilin Filifin, Lorenzo Sumulong, ya miƙe ya ce shawara ta yi kyau, amma ya kamata ta haɗa da al'ummun Gabashin Turai da Tarayyar Sobiyet ta haɗiye. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma ba kowa ke son a nuna masa tudun da yake tsaye a kai ba. Kurushof ya harzuƙa, ya kira Sumulong ɗan koren ƴan mulkin mallakar Amurka, takalmi kuma ya bayyana a bainar jama'a.

Abin mamaki shi ne waɗanda suka halarci zaman ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu sun ce ya buga tebur da takalmin, wasu sun ce ɗaga shi kawai ya yi yana kaɗawa, wasu kuma sun ce ajiye shi ya yi a gabansa. Hoton da ya fi yawo, wanda ke nuna shi riƙe da takalmi a sama, haɗa shi aka yi daga baya. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, kafin a tashi a ranar, shugaban taron, Frederick Boland ɗan ƙasar Ailan, ya yi ta buga gudumarsa don a yi shiru har kanta ya fita. Gudumar kyauta ce daga ƙasar Aislan, sai da ta sake aiko da wata. Ke nan an tabbatar da karyewar guduma, ba a tabbatar da bugun takalmi ba, amma takalmin ne ya yi suna.

Da hayaniya ta lafa, manya suka koma ƙasashensu, sai aikin gaske ya fara. Ƙasashen Afirka da Asiya 43 suka rubuta nasu daftarin, ba su ari bakin Mosko sun ci albasa ba. Ranar 14 ga Disamba 1960 aka yi watsi da daftarin Sobiyet, aka amince da nasu a matsayin ƙuduri mai lamba 1514. Ƙasashe 89 suka goyi baya, babu wadda ta ce a'a, tara suka ƙaurace: Amurka, Birtaniya, Faransa, Beljiyam, Fotugal, Sifaniya, Afirka ta Kudu, Ostareliya da Jamhuriyar Dominika. Wanda ya duba jerin nan ba ya buƙatar dogon sharhi.

Ƙudurin ya tabbatar da cewa kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓa wa kanta makoma, kuma danne wata al'umma ƙarƙashin mulkin baƙi tauye haƙƙin ɗan Adam ne. Mafi muhimmanci, ya ce ba za a ƙara fakewa da rashin shiri ta fuskar siyasa ko tattalin arziki ko ilimi don jinkirta ƴanci ba. Wannan ita ce hujjar da Turawa suka daɗe suna kafawa, cewa yaro bai isa riƙon gida ba tukuna. Ya dace ɗalibi ya lura cewa ba ƙudurin ne ya ba ƙasashenmu ƴanci ba. Sun riga sun samu, sannan suka yi amfani da ƙuri'unsu na farko suka riƙe ƙofa a buɗe domin waɗanda suka rage a baya.

Tasirinsa bai tsaya a takarda ba. A 1961 aka kafa kwamiti na musamman don bin diddigin aiwatar da shi, kuma a gabansa masu fafutuka daga Angola da Mozambik da Namibiya suka riƙa kai kukansu. Yawan sababbin ƙasashe ya sa a 1965 aka faɗaɗa Kwamitin Sulhu daga kujeru 11 zuwa 15. A 2019 Kotun Duniya ta dogara da wannan ƙuduri wajen bayyana ra'ayinta cewa raba tsibiran Chagos daga Moris da Birtaniya ta yi ya saɓa wa doka. Sai dai aikin bai kammala ba: Yammacin Sahara na cikin jerin yankunan da ba su kai ga mulkin kai ba, Afirka kuma har yanzu ba ta da kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu.

Shi kuwa mai takalmi, abokan aikinsa sun sauke shi daga mulki a Oktoban 1964. A 1989 ƙasashen Gabashin Turai suka kuɓuce, a 1991 Tarayyar Sobiyet kanta ta rabu gida 15. Maganar da Sumulong ya sha zagi a kanta ta tabbata bayan shekara talatin. Don haka mai nazarin labaran wancan zamani ya yi dariyarsa, babu laifi, amma idan ya gama sai ya tambayi abin da ke kan tebur ɗin da ake bugawa.